Tsoho Ba Ya Faɗuwa Banza

Akwai wani labari wanda ya zama ruwan dare a garuruwanmu, har kunne ya saba da shi, ba ya ko razana. Ka gamu da abokinka a bakin ofis, ku gaisa, ka tambaye shi mutan gida, sai ya ce, "Lafiya lau, sai dai tsohuwa ce ta zame a makewayi ran Talata, tana nan kwance." Ka ce, "Ayya, Allah ya sawwaƙe," kowa ya kama gabansa. Bayan wata uku ko huɗu sai ka ji ana zaman makoki a gidan. In an tambayi abin da ya same ta, sai a ce, "Ai tsufa ne." Shi ke nan magana ta ƙare.

Mu dai a ganinmu bai kamata ta ƙare nan ba. Tsufa gaskiya ne, mutuwa kuwa rigar kowa ce, ba mai ja da wannan. Amma matar nan da ƙafarta ta shiga makewayin, kuma ran Litinin ita ta tsince wake, ta yi wa jikoki faɗa. Abin da ya kwantar da ita faɗuwa ce. Faɗuwa kuwa tana da dalilai, galibinsu an san su, da yawa daga cikinsu kuma ana iya kawar da su da kuɗi ƙalilan. Ruwa ba ya tsami banza, tsoho ma ba ya faɗuwa banza. Mun ɗauko maganar nan yau dominku, malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikata, don kuwa ku ne masu albashi, ku a kan aika wa in abu ya faru, ku ne kuma a ke jin maganarku a gida in kun ce a gyara kaza.

YAWAN ABIN

Kada wani ya zaci ƙaramin abu mu ke kambamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi a 2021 cewa kowace shekara mutum wajen 684,000 su kan mutu a duniya ta hanyar faɗuwa, kuma cikin haɗurran da ke kashe mutane ba da niyyar kowa ba, in ka ɗebe haɗarin hanya, babu wanda ya kai ta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mamatan nan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali su ke, watau irin namu, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Hukumar nan dai ta ce a 2007, cikin mutanen da suka kai shekara 65, kusan ɗaya bisa uku ya kan faɗi a cikin kowace shekara.

In an ce wannan lissafin duniya ne, to, ga na gida. Malaman Jami'ar Ibadan sun bi tsofaffi fiye da 2,000 a ƙasar Yarbawa suna tambayarsu, suka buga abin da suka samu a 2010. Kashi 23 cikin 100 sun ce sun faɗi cikin shekarar da ta gabata, mata kuwa sun fi maza. Mai karatu ya ƙirga tsofaffin unguwarsu, ya raba huɗu, ya ga ko mutum nawa ke nan.

Yaro ya kan faɗi sau goma a yini, ya tashi ya kaɗe riga ya ci gaba da wasa. Abin da ya sa ta tsoho ta bambanta shi ne ƙashi. Ƙashin mutum ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. In shekaru suka ja sai rushewa ta fi gini, cikin ƙashin ya zama kamar itacen da gara ta ci, daga waje sumul, ciki kuwa rami. Mata sun fi shan wannan, musamman bayan al'ada ta ɗauke musu. Saboda haka zamewar da ba za ta yi wa saurayi ko ƙwarzane ba, sai ta karya wa tsohuwa wuyan hannu, ko ƙashin baya, ko kuwa ƙashin ƙugu, watau kan ƙashin cinya inda ya shiga ƙugu. Wannan na ƙarshen shi ne mugun. Ko a ƙasashen da asibiti ya wadata, cikin tsofaffi 100 da suka karye a ƙugu, 20 zuwa 30 ba su kan cika shekara ba, da yawa cikin sauran kuwa ba su kan koma tafiya kamar da ba.

Karayar ce ke kwantarwa, kwanciyar ce ke kisa. Tsoho in ya yi mako biyu ko uku bai taka ƙasa ba, naman ƙafa ya kan zube, baya ya yi gyambo, majina ta taru a huhu ta zama ciwo, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ga kuma baƙin ciki, mutumin da ya ke kai kansa masallaci da kasuwa ya wayi gari sai an ɗaga shi an kai shi bayan gida. Nauyin jinyar kuwa kowa ya san a kan wa ya ke faɗawa, a kan matan gida ne da aljihun mai albashi.

DALILAI SUN ƘIRGU

Ba yau masana suka fara bin diddigin abin nan ba. A 1960 wani likita a Ingila, Dokta J. H. Sheldon, ya tattara labarin faɗuwa 500 daga bakin tsofaffi, ya rarraba su kashi kashi, wannan tuntuɓe ne, wannan jiri ne, wannan matakala ce, wannan ƙafa ce ta saki. Da yin haka ya nuna abin da a ke cewa tsufa ne kawai, ashe abubuwa ne dabam dabam, kowanne da sunansa.

A 1988 kuma wata likita a Jami'ar Yale ta Amurka, Dokta Mary Tinetti, ta bi tsofaffi 336 masu zaune a gidajensu, kowannensu ya kai shekara 75, har shekara guda. Ta rubuta wa kowa abubuwan da ke iya ka da shi, kamar shan maganin barci, da raunin ƙafa, da ruɗewar tunani, da rashin daidaito wajen tafiya. Waɗanda ba su da ko ɗaya, 8 cikin 100 suka faɗi. Waɗanda ke da huɗu ko fiye, 78 cikin 100 suka faɗi. Akawu ya fi kowa gane wannan, don kuwa lissafi ne irin na littafin bashi, kowane layi aka ƙara jimla ta hau, kowane layi aka soke jimla ta sauka. A 1994 ita da abokan aikinta suka gwada sokewar. Suka raba tsofaffi kashi biyu, kashi ɗaya aka duba musu magunguna, aka koya musu motsa jiki da yadda za su tashi su zauna, ɗayan kuwa ziyara kawai aka riƙa kai musu. Cikin waɗanda aka gyara wa, 35 cikin 100 suka faɗi, cikin sauran 47.

To, tun da abin lissafi ne, bari mu buɗe littafin gidajenmu mu gani.

DAGA ƊAKI ZUWA MAKEWAYI

Muna roƙon kowane mai karatu ya yi wani ɗan aiki wanda ba zai ci masa minti goma ba. In ya je gida, ya tashi da assalatu, kada ya kunna fitila, ya bi hanyar da mahaifiyarsa ko mahaifinsa ke bi daga gado zuwa wurin alwala, yana tuna cewa mai bin hanyar nan ido ya yi rauni, gwiwa tana ciwo, ga buta a hannu, ga gaggawar fitsari.

Abu na fari da zai tarar shi ne gadon kansa, ko ya yi tsawo har ƙafa ba ta kai ƙasa, ko kuwa katifa ce a ƙasa wadda tashi daga kanta sai da kokawa. Daidai shi ne in tsoho ya zauna a bakin gado tafin ƙafarsa ya kwanta a ƙasa sosai. Sa'an nan ga tabarma ko leda wadda bakinta ya naɗe, ga wayar wuta ta ratsa ɗaki, ga dokin ƙofa wanda aka ɗaga don tare ruwan damina. A tsakar gida kuwa ga turke, ga igiyar akuya, ga turmi da taɓarya an bar su inda aka gama daka, ga bokitin yara. Da rana duk waɗannan kayan gida ne, da dare kuwa tarko ne.

Makewayi shi ne uban tafiya. Wurin da ruwa ba ya bushewa gansakuka ta kan fito, in ta haɗu da ruwan sabulu ko saurayi sai ya yi hankali. A kankare ta da tsintsiyar kwakwa da toka, a buɗe rariya ruwa ya riƙa wucewa, in za a yi sabon daɓe a ce wa magini ya bar simintin da kaushi. A kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a bango daidai inda hannu zai kai, wurin wanka da wurin masai, don tsugunno da tashi su ne suka fi wuya ga mai ciwon gwiwa. Kafinta zai iya yin kujerar katako mai rami a tsakiya a ɗora bisa masai, da wata gajeruwa ta zama wajen wanka da alwala, don kada tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya yana wanke ɗayar.

A nan dole mu faɗi wata magana wadda ta shafe mu mu 'yan boko. Da yawa cikinmu in Allah ya buɗa mana, abu na fari da mu kan yi shi ne mu gyara wa iyaye ɗaki, wannan kuwa abin yabo ne. Amma sai mu fasa daɓen da tsohuwa ta shekara 40 tana takawa, mu shimfiɗa tayil mai sheƙi kamar madubi har cikin banɗaki, mu yi matakala uku a ƙofa ba abin dafawa, sa'an nan mu kira dangi su zo su ga aiki. Tayil mai santsi in ya sha ruwa ba shi da maraba da ƙanƙara. In lalle sai an sa, akwai mai kaushi wanda aka yi domin wurin ruwa, shi ya kamata a tambaya. Wanda ya gina bene kuma ya ba tsohonsa ɗakin ƙasa, girma ba a hawa ya ke ba.

Sai haske. Idon tsoho yana bukatar haske fiye da na yaro ninki ba ninki, kuma ya kan daɗe kafin ya saba da duhu. Wutar lantarki ba abin dogara ba ce, amma yanzu fitila mai cin hasken rana ta cika kasuwa. A rataye ɗaya a hanyar makewayi ta kwana a kunne, a ajiye tocila a kan gado inda hannu zai same ta. Wanda fitsari ke tashinsa sau uku ko huɗu a dare, a ajiye masa fo mai murfi a ɗaki, ba abin kunya ba ne. A duba takalmi kuma. Silifa wanda ƙasansa ya cinye ya yi sulɓi a jefar da shi, a sayi takalmi mai kama dunduniya. Zane ko riga mai jan ƙasa a rage mata tsawo. Hawa tsani don yaɓen soro, da hawa rumbu, da jan ruwa a rijiya marar baki, waɗannan a karɓe su daga hannun tsoho, ko da ya yi fushi.

IDO DA MAGANI

Bayan gida sai jiki. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin mutanen da suka kai shekara 40, fiye da 4 cikin 100 makafi ne, kuma yanar ido ita ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar. Yana kuwa aikinta ɗan taƙaitacce ne, likita ya cire ta ya sa gilashi a madadinta, mutum ya koma gani. An gwada a Ingila a 2005 ga mata waɗanda suka wuce shekara 70, aka tarar waɗanda aka yi wa aikin da wuri faɗuwarsu ta ragu da kamar kashi ɗaya bisa uku. Ga asibitin ido na ƙasa a Kaduna, ga na Kano, ga sashen ido a manyan asibitocin jihohi. Tsohon da ya fara lalube, ko ya daina gane mutum sai ya ji murya, can ya kamata a kai shi. A nisanta shi da masu kwantar da yana da tsinke, don aikinsu ya makantar da mutane da yawa.

Magani ma yana ka da mutum. Ƙwayar barci ta kan bar tsoho da magagi har hantsi. Maganin hawan jini in ya yi yawa, mutum na miƙewa sai jini ya sauka daga kai, ido ya yi duhu, ƙafa ta saki. Maganin ciwon suga in an sha ba a ci abinci ba haka ya ke yi. Akwai kuma ƙwayoyin da masu talla ke haɗawa a ƙulli don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba, irin su deksametason, waɗanda in an daɗe ana sha su kan cinye ƙashi. Ba cewa mu ke a daina maganin da likita ya rubuta ba, a'a, yin haka wani haɗarin ne. Abin yi shi ne a tattara duk abin da tsoho ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a zuba a jaka ɗaya a kai wa likita ya duba, a gaya masa in akwai jiri, a roƙe shi ya auna jinin a kwance kuma ya auna a tsaye. A koya wa tsoho kuma in ya farka ya zauna a bakin gado tukuna, ya motsa ƙafafu, ya ƙirga kamar talatin, kana ya miƙe. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ciwon suga a riƙa duba masa tafin ƙafa, don ciwon ya kan kashe ji, mutum ya taka abu bai sani ba.

"ZAUNA KI HUTA"

Yanzu mun zo inda mu ke ganin kuskurenmu ya fi girma a ƙasar nan, don kuwa kuskure ne wanda ya sa rigar ladabi. Da zarar tsohuwa ta ɗauki tsintsiya sai a ruga a karɓe, a ce, "Haba Inna, da mu a gidan nan? Zauna ki huta." Baba ya ce zai leƙa gona, a ce, "Me aka rasa? Yi zamanka." In kuwa ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, shi ke nan, an ɗaure shi a zaure. Shi ma tsoro ya shige shi, ya rage fita. Ƙafar da ba ta aiki kuwa ƙarfinta zubewa ya ke yi, kamar garmar da aka jingine ta yi tsatsa. Bayan wata shida ran da ya tashi don wata larura, sai ƙafar ta kasa ɗaukarsa. Watau abin da aka yi don tsare shi, shi ya ka da shi.

Cikin dukan dabarun da aka gwada, babu wadda shaidarta ta kai ta motsa jiki ƙarfi. A ƙasar Niyuzilan malaman Jami'ar Otago sun shirya wasu 'yan motse-motse na ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, waɗanda tsoho zai yi a gidansa kamar rabin awa sau uku a mako, ya haɗa da 'yar tafiya. Sun fara buga sakamako a 1997, sun gwada ga mutum fiye da 1,000, har da masu shekara 90 da ɗoriya, faɗuwa ta ragu da kashi 35 cikin 100. A 2019 kuma aka tattara gwaje-gwaje 108 daga ƙasashe dabam dabam, na mutum fiye da 23,000, aka ga motsa jiki yana rage faɗuwa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

Ba wani abu ne mai bukatar na'ura ba. Tsoho ya zauna a kujera mai ƙwari ya tashi, ya zauna ya tashi, sau biyar ko goma. Ya dafa bango ya ɗaga dunduniya ya sauke. Ya dafa ya tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake. Ya yi tafiya gefe gefe, ya yi ta sa dunduniya gaban yatsu. A fara da kaɗan, da wani a kusa, a riƙa ƙarawa a hankali, mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar jiki kuwa a nemi shawarar likita tukuna. In an haɗa shi da jika su riƙa yi tare ana ƙirga, sai abin ya zama wasa. Sharar tsakar gida, da ba dabbobi abinci, da zuwa masallaci, da gaishe-gaishen maƙwabta, duk a bar musu kayansu. A karɓe aikin da ke da haɗari, a bar wanda ke da amfani.

Haka kuma sanda. Wasu dattawa su kan ƙi ta don kada a ce sun tsufa, alhali kuwa kakanninmu ba su ɗauke ta abin kunya ba, kwagiri ma ado ne na manya. A yanke ta daidai wuyan hannun mai ita in ya tsaya ya saki hannu, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo.

Abinci ma yana da nasa rabo. Tsoho in haƙora suka zube a kan bar shi da koko da kunu, nama da ƙashi kuwa ba sa ginuwa da ruwan gero kaɗai. Nono da kindirmo, da wake, da ƙwai, da ƙananan kifi da a ke ci da ƙayarsu, da zogale da riɗi, duk suna cikin kasuwarmu. Hasken rana kuma yana taimakon jiki ya ɗauki abin gina ƙashi daga abinci, saboda haka tsohuwar da ke yini a ƙuryar ɗaki a fito da ita ta sha hantsi.

MASU JA DA MAGANA

Wani zai ce, "Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Haka ne. Amma mai faɗin haka ya kan kulle ƙofarsa da dare, ya kan kuma gina wa rijiya baki don yara. Ba mu taɓa jin an ce wannan ja da ƙaddara ne ba. Me ya sa sai a kan tsoho ne za a tuna da ƙaddara a manta da dabara?

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Mun san halin da a ke ciki. Amma ɗauke turmi daga hanya ba ya cin ko kwabo, haka kankare gansakuka, haka tashi da zama a kujera. Fitila da ƙarfen dafawa da kujerar kafinta kuwa, in an haɗa su duka ba su kai kuɗin motar da za ta kai karyayye asibitin birni ta dawo ba, balle kuɗin aiki da na jinya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku zai ce, "Ai tsohona ba ya jin magana." Wannan da gaskiyarsa, amma sau da yawa yadda aka faɗi maganar ne. In ɗa ya zo daga birni ya hau umurni, a cire wannan, a daina wancan, dole dattijo ya ƙi. In kuwa ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman izini in sa ƙarfe a nan, ko ni jiya na kusa zamewa," da wuya a hana shi. A nemi bakin aminin tsohon ko limamin unguwa in ta kama.

IN TA RIGA TA FARU

Duk da haka wata rana za a faɗi. To, kada a ruga a ciccibi mutum a miƙar da shi. A tambaye shi inda ke ciwo tukuna. In ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarta ta juya waje, ko yana kukan ƙugu ko makwankwaso, a ɗauka karaya ce, a kwantar da shi bisa abu mai faɗi a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi ran nan. Ba mu raina maɗora ba, mun san mutane sun amince da su tun kaka da kakanni. Amma ƙashin ƙugu yana can ciki ƙarƙashin nama, kara da tsumma ba su isa su riƙe shi ba, ja da murɗa kuwa ƙara ɓarna su ke yi. Likitocin ƙashi sun dace a kan cewa aikin da aka yi cikin kwana ɗaya ko biyu shi ya fi ceton rai, don yana sa a ta da mutum tsaye da wuri. Asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959 ya ke, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen ƙashi. Kowane mako aka ɓata a gida, aikin ƙara wuya ya ke yi.

In kai ne ya bugu, a sa ido ko da mutum ya tashi garau. Jini ya kan taru a hankali cikin ƙoƙon kai, sai bayan kwanaki ko makonni a ga ciwon kai, ko yawan barci, ko ruɗewa, a ce aljanu ne ko gigin tsufa. Wannan na asibiti ne da gaggawa. Tsohon da ke kwana shi kaɗai kuma a sa wani ya riƙa kwana kusa, ko a ajiye masa waya ko ƙararrawa inda hannu zai kai daga ƙasa, don kwana a ƙasa cikin sanyi ba mai ji shi ma kisa ya ke yi. Faɗuwar da ba ta bar rauni ba ita ma kada a share ta, gargaɗi ce, wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kowa kusa da ta biyu.

ABIN DA MU KE NEMA

A 2022 masana daga ƙasashe masu yawa sun fitar da shawara cewa kowane tsoho a riƙa tambayarsa, aƙalla sau ɗaya a shekara, ko ya faɗi cikin shekarar. Tambayar nan ba sai likita ba. Tsofaffi su kan ɓoye don kada a hana su fita, saboda haka a yi ta cikin hira. Akwai kuma gwaji mai sauƙi. A aza kujera, a auna mita 3, tsoho ya tashi ya je ya juyo ya zauna da tafiyarsa ta kullum, wani yana duba agogo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗari, ya kamata a kai shi a duba.

Malaman makaranta, ku sa maganar nan cikin darasin kiwon lafiya, ku ba yara aikin gida su zagaya su rubuto abu biyar da ke iya ka da kakarsu, don jikoki ne ke yini da tsofaffi, su ne kuma ke barin kaya a hanya. Ma'aikatan ƙananan hukumomi, a zamanin En'e duba-gari ya kan shiga gida gida ya leƙa randa da masai. Ma'aikatan lafiya na yau da ke bin gidaje don rigakafin yara, ba zai gagara ba a ƙara musu su dubi makewayi su tambayi tsohon gida. Masu kula da masallatai su dubi wurin alwala da matakala, don dattawa ne sahun gaba, da duhu kuma su ke zuwa. Mai albashi kuwa, in wata ya ƙare yana lissafin abin da zai aika gida, ya sa fitila da ƙarfen dafawa a cikin lissafin nan tun wannan watan.

Mu tuna kuma duk gyaran da muka yi yau kanmu mu ke yi wa, don in rai ya yi tsawo, mu ne za mu bi hanyar nan da buta a hannu. Allah ya ba iyayenmu lafiya da ƙarfin ƙafa, ya ba mu ikon kula da su, amin.